Abin da ɗana ya koya a kasuwar Minecraft

A dogon hutun makaranta na bara na zauna kusa da babban ɗana, mai shekara 11, domin in ga abin da ke ɗauke masa hankali a Minecraft, wasan kwamfutar da kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya fitar a 2011, kafin Microsoft ya saye shi a 2014. Niyyata ita ce in rage masa lokacin wasan, amma sai na tarar da shi da biro da takarda yana lissafin ciniki.

A cikin duniyar wasan akwai ƙauyuka, kowane mutum da sana'arsa, kuɗinsu kuwa wani koren dutse ne mai daraja, zumurrudu. Manomi yakan karɓi alkama 20 ya ba da zumurrudu 1, mai yin kibau yakan nemi sanduna 32, mai littattafai kuma takarda 24. Yaron ya shuka alkama mai yawa yana ta kai wa manomi guda, har wata rana ya juyo da ɓacin rai ya ce, "Baba, manomin nan ya fara cutata, alkamar da yake nema ta ƙaru." Na ce masa ba cuta ba ce, an tsara wasan ne yadda duk hajar da aka cika kaiwa sai darajarta ta faɗi, kamar yadda farashin hatsi ke karyewa a Dawanau lokacin kaka, sa'ad da kowa ya kawo nasa. Ya yi shiru, washegari kuma na ga ya dasa rake a bakin ruwa don yin takarda, ya ƙara da karas, bai sake dogara da mai saye ɗaya ba. Gaskiya na ji daɗin wannan, domin na sha yi masa irin wannan bayani da baki bai taɓa shigarsa ba.

Da ya fara wasa da abokansa ta intanet, ya ranta wa ɗaya zumurrudu, aka zo biya suka yi musu a kan adadin. Tun daga ranar yake rubuta kowane bashi a wani littafi da ake iya haɗawa a cikin wasan.

Sai dai na lura da giɓi babba. Alkamar Minecraft ba ta san fari ba, ba ta buƙatar kuɗin taki, kuma wanda ya yi asara yakan mayar da gurbinta a yini guda, don haka yaro ba ya jin zafin rashi. Shi ya sa da hutun ya kusa ƙarewa na ba shi ɗan jari na gaske ya saro alewa da biskit yana sayarwa a ƙofar gida. A makon farko ya ci rabin ribar, ya ba ƙannensa bashin da bai dawo ba, sai da yamma ya zo ya ce in ba shi littafi irin na wasan.