Gorar lemo, silifas da famfon keke: rokar da muka harba

Ɗan ƙanwata ne ya jawo maganar, yaro ɗan shekara 12 da ya zo mana hutu daga Gusau. Muna cikin cin tuwon dare ya ce, "Kawu, an ce can sama babu iska. To me roka take tokarewa da shi har ta yi gaba?" Na gyara zama na fara kawo masa doka ta uku ta masanin kimiyya Newton, wadda ya wallafa a 1687, cewa duk abin da ka tura shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Yaron yana gyaɗa kai, amma daga ganin idonsa ladabi ne kawai. 'Yata, wadda ta girme shi da shekara biyu, ta ce, "Baba, ai gani ya kori ji." Shi ke nan suka ɗaure ni, sai mun haɗa roka da kanmu.

Kayan ba su ci mana kuɗi ba. Gorar lemo mai gas guda biyu, masu cin lita ɗaya da rabi. Lallai ta lemo, domin an yi ta ne don ta jure matsin gas. Gorar ruwan sha ba ta da wannan ƙwarin. Famfon keke na aro a maƙwabta. Bawul kuwa wajen mai faci na bakin titi na je, ya yanko min daga wani tsohon tib. "Malam, me za ka yi da bawul ba taya?" Na ce roka. Ya dube ni, ya dubi yaran, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya ƙi karɓar ko sisi.

Abin toshe bakin gorar ne ya ba mu wuya. A ƙarshe wani tsohon silifas mai kauri muka yayyanka da reza, muka fitar da zagaye uku, muka haɗa su, muka huda tsakiya da ƙusa, muka zura bawul. Sai an naɗa masa salatif kafin ya kama bakin gorar tsam. Tsarin ke nan: a zuba ruwa, a toshe, a kifa gorar bakinta na kallon ƙasa tsakanin bulo biyu, a yi ta buga iska har matsin ya fi ƙarfin toshiyar ya cillar da ita.

Kuskuren farko nawa ne. Na ce tunda ruwa shi ne man rokar, a cika shi har wuya. Bugu kaɗan toshiyar ta fita, gorar ta ɗan ɗaga kamar tsayin mutum, ta faɗo tana amayar da ruwa, muka jiƙe sharkaf. Yaron ya ce to a gwada ba ruwa ko ɗigo. Ta yi ƙara fau, ta yi ɗan tsalle, ta dawo. Sai da muka yi ta rage ruwa muna ƙarawa kafin muka gano wajen kashi ɗaya cikin uku na gorar ne daidai. A nan ne amsar tambayarsa ta fito da kanta. Iskar da aka matse ita ce ƙarfin, ruwan kuma shi ne abin da ake jefarwa baya. Ruwa ya fi iska nauyi sama da sau 800, don haka jefar da shi yana tura gorar da gaske. Idan ya yi yawa, babu wurin iska kuma nauyi ya danne ta. Ba iskar waje take tokarewa ba, abin da ta fitar daga cikinta ne yake tura ta. Wannan karon gyaɗa kan da ya yi na gaskiya ne.

Amma tashi daban, tafiya a miƙe daban. Gorar takan fita da ƙarfi, sai ta fara wuntsila gudidi a sama ta nufi inda ta ga dama. A harbi na biyar ta sauka a kan rufin kwanon maƙwabcinmu, kaji suka watse da kyarkyara. Na shiga da kaina na ba da haƙuri. Dattijon ya ce, "Ba komai, Malam, amma filin ƙwallo yana nan ba a sayar da shi ba." Na gane saƙon.

Muka yi mata fukafukai uku da kwalin madara. Harbi biyu suka jiƙe suka lanƙwashe. Muka sake yanko wasu daga murfin tsohon bokitin fenti, muka manna su can kusa da bakin gorar, wato gindin rokar. Ta ɗan nutsu, amma har yanzu tana karkacewa. Kwana biyu ina juya abin a raina, sai na tuna kibiyar maharba: kanta ƙarfe ne mai nauyi, jikinta kuwa kara ne marar nauyi, shi ya sa kan ke yin gaba. Rokarmu da zarar ruwan ya ƙare, kuma ƙiftawar ido yake ƙarewa, sai ta zama fankon roba, babu abin da ke jan hancinta gaba.

Na yanke saman gora ta biyu na yi mata hula mai tsini, na cusa yumɓu kamar girman ƙwan kaza a ciki. Yaron ya ƙi yarda sam. "Kawu, muna so ta yi sama kuma ka ɗora mata kaya?" Na ba shi takarda a dunƙule da tsakuwa na ce ya jefa kowanne, ya ga wanda zai fi nisa. Sannan muka ɗaura igiya a daidai inda rokar take daidaita idan an ɗora ta a kan yatsa, 'yata ta riƙa juya ta sama da kanta kamar majajjawa. Ba yumɓu, sai ta riƙa tafiya a gicciye. Da yumɓu, hancin ya juya gaba ya tsaya. Da na san wannan gwajin tun farko, da ban je ba da haƙuri gidan mutane ba.

Washegari bayan sallar asuba muka tafi filin ƙwallo, kafin iska ta taso. Na riga na ƙara wa famfon tiyo mai tsawo don mai bugawa ya tsaya nesa, domin ranar farko saura kaɗan gorar ta sami yaron a haɓa, ya leƙa ya ga me ya hana ta tashi. Daga ranar na kafa doka: da zarar an fara buga iska, babu mai sa kansa a saman gora, kuma gorar da ta karce ko ta lotsa an yi sallama da ita. Shawararsa ta a kankare kan ashana a yi "ta gaske" kuwa ban bari ya ƙarasa faɗa ba.

Ta tashi a miƙe kamar an ja ta da zare, ta ƙanƙance, ta juyo ta caki ƙasa da hanci. 'Yata ta auna da waya: daƙiƙa 4 daga tashi zuwa sauka. Idan ka ninka daƙiƙoƙin da kansu, ka sake ninkawa da 1.2, za ka sami kimanin tsayin da mita. Namu ya ba da wajen mita 19, ko da yake lissafin yana ɗan yi mana kara, don bai sa jan iska a ciki ba. Na gaya musu rokar farko mai ƙona mai ruwa-ruwa irin fetur, wadda Robert Goddard ya harba a Amurka ranar 16 ga Maris, 1926, mita 12 da rabi kawai ta yi sama. Yaron ya fara taƙama, sai na ƙara masa da cewa a 2015 wasu 'yan Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu sun kai rokar ruwa mita 830. Ya yi shiru, sannan ya tambayi wane irin famfo suka yi amfani da shi.

Laimar saukowa ce ta gagare mu. Mun yanka baƙar leda, mun ɗaura mata zare takwas, mun naɗe ta a cikin hular. Ko dai hular ta fita tun a tashi, ko ta ƙi fita sam. Hutu ya ƙare a haka, ya koma Gusau da toshiyar silifas a aljihu. Makon jiya uwarsa ta kira ni tana tambaya ko ni ne na ce masa ya yanka murfin bokitinta.