Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar da Muka Kafa 'Yan Sintiri

A makon jiya na tsaya ne a kan rikicin shari'a na watan Fabrairun 2000, wanda bayansa Kaduna ta rabe, Musulmi suka yi ta tarewa a arewacin kogi, Kirista kuma suka gangara Sabon Tasha da Narayi.

Ƙura ba ta gama lafawa ba dattawan layinmu a Tudun Wada suka taru a zauren mai unguwa domin kafa 'yan sintiri. Baffa ne ya fi kowa dagewa, ya dubi mahaifina ya ce, "Yaya, wanda ya ga gora a hannunka ba zai taɓa ƙofarka ba." Mahaifina ya ce masa wanda ya ga gorar ba barci zai koma ba, adda zai je ya saya. Maganar Baffa aka bi, ni kuma, da yake ni ne ƙarami, aka ba ni tocila da usur.

Sata ta ragu ƙwarai, wannan ba na musu, domin har masu shago sun daina kwashe kayansu da daddare. Sai dai wani Kirista, abokin aikin mahaifina a masaƙar Kakuri, ya shaida masa cewa a wajensu labari ya bazu wai muna tara makamai, saboda haka su ma samarinsu sun fara kwana a bakin layi. Mu kuma da muka ji haka sai muka ƙara yawan namu.

A watan Agustan 2002 malamai da limaman coci suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya, amma a watan Nuwamba rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke. Abin da na gani a layinmu shi ne ba a sha wahalar tara samari ba, tun da kowa ya san jagoransa da inda addarsa take. Barikokin soja da ke garin ba su hana wutar tashi ba, ko da yake, in za a yi adalci ga Baffa, sojan da dokar hana fita ne suka kashe ta.

Addunan nan ba su koma hannun mai unguwa ba, kuma inda suka ƙare shi ne labarinmu na mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.