Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ba Lada, Ba La'ada

Makon jiya na yi alkawarin kawo labarin auren Yaya, amma ku yi haƙuri, ba shi ya zo mini ba. Ranar Talata ina share akwatin imel na ci karo da wata wasiƙa ta 2004, tun daga lokacin maganar Kawu na Mabera ta hana ni sakat. Bari in sauke ta tukuna.

Kun san sana'arsa, dillancin fata. Fatar jar akuyar nan tamu, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can ayari ke bi da ita. A wata majema a Kano ya haɗu da wani Bature ɗan Italiya, ya dawo da katinsa a aljihu kamar laya. Ni kuwa lokacin ina tsaron wani shagon intanet a hanyar Ahmadu Bello, ina yanka wa mutane tikitin awa ɗaya-ɗaya. Duk gidanmu ni ne ɗan kwamfuta, don haka ni aka sa rubuta wasiƙar.

Na zauna na zuba Turancin sakandare. Kan wasiƙa duk da manyan baƙaƙe, yadda malaminmu ya ce a riƙa yi wa wasiƙar ofis. Na ce harka ce ta gaggawa, na ce sirri ne tsakaninmu, na jera kuɗin da dala har da sifilai, na rufe da addu'ar Allah ya yi masa albarka. Da na karanta wa Kawu fassarar har kai ya gyaɗa.

Mako uku shiru. Da aka samu mutumin ta waya ya ce bai ga komai ba. Daga baya ya tsinto ta cikin kwandon shara na akwatinsa, alhali ya riga ya saye a hannun wani. Kawu bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Cewa kawai ya yi, "Wanga boko naka ko wasiƙa bai kai inda aka aike ta ba."

Haushin wannan ne ya kai ni ga SpamAssassin, manhajar da ke tace imel tana ware wasiƙun banza. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a bayan shago da injiniyan da ya kafa mana faranti ya sa wa Linux, wata babbar manhajar gudanar da kwamfuta, ya tafi, a kanta na sauke manhajar da dare. Wani ɗan ƙasar Ayalan, Justin Mason, ya fara ta a 2001 da yaren kwamfuta na Perl, a 2004 kuma ta koma ƙarƙashin gidauniyar Apache. Kyauta ce, sannan cikinta a buɗe yake: kowa na iya karanta dokokinta, ya gyara, ya mayar. Wannan ya ja ni, domin ni dalili nake nema.

Ba ta yanke hukunci da hujja ɗaya. Dokoki ne ɗaruruwa, kowace da makinta. Wasiƙa ta taka wannan a rubuta mata, ta taka waccan a ƙara, wata dokar ma ragewa take yi. In jimilla ta kai 5 sai a buga mata tambarin shara, sai fa in mai ita ya ɗaga iyakar ko ya sauke. Na ɗauko wasiƙar Kawu na zura. Ina iya tuna allon, baƙi da farin rubutu, ga ƙarar janareta. SUBJ_ALL_CAPS, wato manyan baƙaƙen malaminmu. URG_BIZ, wato gaggawar da na ambata. Can ƙasa sai ga NIGERIAN_BODY. Sunan ƙasata ne ɓaro-ɓaro a jerin alamomin damfara.

Na tashi na fita waje na sha iska. Da na huce na dawo na karanta dokar layi-layi, sai kunya ta maye gurbin fushi, don akasarin abin da take farauta kalaman 'yan 419 ne, kuma kusan duk na rubuta su da hannuna. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle waken nan buhu ne. Af, 419 ɗin ma lambar sashe ce a kundin laifuffukan da ke aiki a Kudu, mu Arewa namu kundin daban ne tun 1960, amma ina ruwan na'urar Italiya da Kudu da Arewa.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne yadda ake samun makin. Ba wani ke zama ya ƙaga da ka ba. 'Yan sa-kai ne a ƙasashe daban-daban, kowa da tarin wasiƙunsa da ya ware da hannu gida biyu, na kirki da na banza. Su suna kiran na kirkin da sunan naman cinyar alade, abin da ban taɓa iya sabawa da shi ba, ni a kwamfutata tsaba da ƙaiƙayi na sa musu. Kowa zai bi da dokokin ta kan tarinsa, ya aika da sakamako kawai, wasiƙun suna nan wurinsa. Daga sakamakon ne ake lissafa nauyin kowace doka, yadda za a kama ƙaiƙayi da yawa ba a zubar da tsaba ba. To in duk wasiƙar da ta ambaci Najeriya da dala a tarin ƙaiƙayi take, babu ta ɗan kasuwar kirki ko ɗaya a ɗaya ɓangaren, me kake so lissafi ya ce? Rariya abin da aka zuba mata take tankaɗewa.

Sai na shiga tara tsaba. Wasiƙuna, na Kawu, na wasu 'yan albasa da 'yan ƙaro da nake rubuta wa, kowa sai da na nemi izininsa. Wani tsoho a Tsohuwar Kasuwa sai da ya sa na rantse ba wanda zai ga farashinsa. Warewar ce wahala, don wasiƙa ɗaya ta ɓata hanya ta shiga tarin da ba nata ba, ka koya wa na'ura ƙarya ke nan. In na ga doka ta kama wasiƙar kirki sai in rubuta rahoto da gurguwar Turancina, wani can ya amsa, wani lokacin a gyara, wani lokacin a nuna mini ni ne ban fahimta ba.

Cikin wannan hali Kawu ya same ni wata Afrilu bayan isha'i. Zafin Sakkwato na Afrilu ba sai na faɗa muku ba. Na cire murfin kwamfutar na kafa mata fanka, ni kuma daga ni sai singileti. Ya sauka daga kabu-kabu, ya tsaya bakin ƙofa yana kallo.

"Nawa aka biyan ka?"

Na ce, "Ba a biyana, Kawu."

"To masallaci na, ko makaranta?"

Na fara bayani, ya ɗaga hannu. "Awo. Ba lada, ba la'ada."

Ya juya ya tafi. Kalmomi huɗu, sun fi shekara ashirin suna bina. Ranar sunan ɗana na fari ma, da wani ya tambayi aikina, Kawu ya riga ni amsawa da su, aka yi dariya har da ni. Dillali ne, a wurinsa duk abin da ya ratsa hannunka dole ya bar wani abu a tafinka. Ban taɓa iya fahimtar da shi cewa wanda ya rubuta manhajar ma kyauta ya sake ta ba. Da na gwada, cewa ya yi ai wannan Bature ne, ya ƙoshi.

Daga baya dokokin nan masu sunanmu suka ɓace, aka koma kiran irinsu ADVANCE_FEE, wato damfarar a-biya-tukuna, ko da yake bayanin da ke ƙarƙashinsu bai daina ambaton Najeriya da 419 ba. Ba ni na sa aka canza ba, kada wani ya ɗora mini. Na dai ji daɗi ranar da na gani.

Nadamata ɗaya ce. Manhajar na da wani sashe mai gane harshen da aka rubuta wasiƙa da shi. Akwai Larabci, akwai Suwahili, akwai Amharik, babu Hausa. Na ɗauri aniyar sa ta, na yi watanni ina kwafe tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo da hannu don a samu abin koya masa. Shekarar da Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a haɗarin jirgi, 2006, faifan kwamfutar ya mutu da komai a ciki, ban ajiye kwafi ko'ina ba. Na ce zan sake. Sai aure, sai 'ya'ya, sai neman abinci. A wannan kam ko ni na ce wa kaina ba lada ba la'ada.

Shekara biyu kafin rasuwarsa Kawu ya sake samun wani mai saye, wannan karon a Sifen. Ya aiko a kira ni, bai ambaci ta farko ba, ni ma ban ambata ba. Layi biyar na rubuta: sunansa, irin fatar, adadi, inda suka haɗu, lambar waya. Na gwada ta a kwamfutata kafin in aika, ba ta kai ko maki 1 ba. Ya duba takardar ya ce ta yi gajarta, kamar ba mu girmama mutumin ba. Washegari amsa ta zo.

Da aka gama ciniki ya sallami kowa, sannan ya zaro naira 500 ya miƙo mini. "Ungo, wagga la'ada ta. Ladar ka biɗa gun Turawanka." Na karɓa da hannu biyu, na hau kabu-kabu da ita.

Auren Yaya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.