Makunnan murhu a cikin kofi

Talata da dare, Makka

Sai yanzu hannuna ya daina rawa har na iya zama in rubuta.

Da safe bayan yara sun tafi makaranta na koma na ɗan kishingiɗa. Hajiya tana falo tana lazimi, auta yana wasa a gabanta, ko kuma haka muka zata. Wari ne ya tashe ni, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na fito a guje na same shi zaune dirshan a ƙasan kicin yana kaɗa murfin tukunya da ludayi. Ya murɗa makunnai biyu cikin huɗu, gas yana ta huci, babu wuta. Bai cika shekara biyu ba. Makunnan murhunmu a gaba suke, a jere, daidai goshinsa, kamar don shi aka yi su.

Na sure shi na miƙa wa Hajiya, na rufe kan tulun gas, na wangale taga da ƙofa. Har yatsana ya kai kan maɓallin fankar da ke zuƙe hayaƙi, Allah Ya sa na tuna ɗan tartsatsin da ke cikin maɓalli ya isa ya tada gobara, na janye. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gas na tulu ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, wato inda yaron yake zaune. Warin ma ba nasa ba ne, da gangan ake zuba masa don hanci ya ji. Lambar 'yan kwana-kwana, 998, tana manne a jikin firij tun shigowarmu gidan, yau ne na fara yi mata kallon gaske. Ba mu kai ga kira ba, alhamdu lillahi.

Abban yara ya dawo da azahar, ya ji labari, bai ko cire takalmi ba ya yanke hukunci: an gama da gas a gidan nan, na lantarki za a sayo. Ya zaro waya ya hau lissafi. Tun 2018 kuɗin wutar gida halala 18 ne (halala ɗari ke yin riyal guda) kowane kilowat na awa guda, har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura nan halala 30. Kan murhu mai cin kilowat biyu, in ya yi awa guda a kunne, halala 36 ke nan, sai harajin kashi 15 cikin ɗari. Ya ce ko kuɗin gurasar tamis ɗaya bai kai ba, ga shi a nan ba a ɗauke wuta irin na gida, kuma ya huta da ɗauko dabba, kamar yadda mutanen nan ke kiran tulun, zuwa hawa na uku a gidan da babu lif. Wannan na ƙarshen ina jin shi ne ainihin dalilin.

Hajiya ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "To Malam, a kan gilashin murhun lantarkin za a tuƙa min tuwo?"

Ya ce, "Hajiya, ai yana dafa komai."

Ta ce, "Ban ce bai dafawa ba. Tuƙi na ce."

Ina bayanta a nan, ko da yake ban buɗe baki ba. Wanda bai taɓa riƙe muciya ba bai san irin dakuwar da murhu ke sha ba. Ka danne tukunya da tsumma, ka juya da ƙarfinka, gindinta yana gurzar abin da take kai. Sannan in talge ya taso zai zube, kana rage gas wutar ta kwanta nan take. Na lantarki mai ƙarfen da ke yin ja ko mai gilashi, ka kashe shi ma yana nan da zafinsa na wani lokaci, sai dai ka sauke tukunyar.

Bayan magariba muka je shagon kayan wuta. Mai shagon ya nuna mana wanda ake yayi, indakshan, wanda shi kansa ba ya yin wuta, tukunyar yake zafafawa da maganaɗisu, kuma yana jin ragi da ƙari nan da nan kamar gas. Na ji ya burge ni, har sai da ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya ce duk tukunyar da wannan bai kama gindinta ba, ba za ta yi aiki ba. Na tuna tukwanen dalma da Hajiya ta yo tsaraba daga Kano, masu kumburarren gindi, da wadda nake dafa kabsa a ciki ranar Juma'a. Ko ɗaya ba za ta ci wannan jarrabawa ba. Ya kuma tambayi ginin namu, tsoho ne ko sabo. Tsoho ne, har yanzu akwai soket masu ƙarfin wuta volt 127 da masu 220 a ɗaki ɗaya, na taɓa ƙona injin markaɗe a kan haka. Ya ce babban murhun lantarki sai an ja masa layinsa daban daga akwatin wuta. Gidan haya. Abban yara ya yi shiru, lissafin azahar ya fara yoyo.

Ni kuwa duk wannan muhawara ba ita ta kai ni shagon ba. Na bi layin murhunan ina duba abu ɗaya, inda aka dasa makunnai. Masu shi a gaba na ga aikinsu da safe. Masu shi a can baya, jikin bango, yaro ba zai kai ba, amma ke mai girki sai kin miƙa hannu ta saman tukunya mai tafasa kafin ki rage wuta. Yayata da ke Jidda irinsa gare ta, tabon tururi yana nan a damtsenta, kuma mu da ke girki da doguwar riga mai faɗin hannu ba na son ko tunanin abin. Ga wani abin haushi da ban taɓa jin an yi maganarsa ba: kawunan wuta huɗu a murabba'i, makunnai huɗu a layi ɗaya. Shekara shida ina amfani da nawa, har yau sai in kunna na baya alhali na gaba nake nufi, ɗan zanen da ke nuna wane ne wane kuwa sabulu ya cinye shi tuntuni.

A ƙarshen layi na ga wanda ya kwanta min. Na gas ne, irin wanda ake nutsawa a cikin kantar kicin, makunnansa a sama ta gefen dama, ba ka tsallaka tukunya, yaro kuma sai ya hau kujera. Kusa da kowane kai akwai ɗan tsinken ƙarfe mai jin zafi. Sai ka danna makunni ka riƙe na 'yan daƙiƙu har tsinken ya ɗau zafi, in ba haka ba gas ba zai ci gaba da fita ba, kuma in miya ta zubo ta kashe wutar, da kansa yake datsewa. Na sa mai shagon ya maimaita bayanin sau biyu. Abban yara ya dubi farashi, ya ce sai albashi ya shigo, kuma sai an nemi izinin mai gida kafin a yanka kantar kicin.

Da muka dawo na ja makunnan tsohon murhun ɗaya bayan ɗaya, ashe fita suke yi da sauƙi. Na zuba su a kofi na ɗora saman firij. Da guda ɗaya na yi girkin dare, ina cire shi daga wannan kai in soka a wancan. Hajiya ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta ce in ƙara wa miyar kukar daddawa. Auta ya zo ya shafa wurin da makunnan suke, ya dube ni, ya fashe da kuka.