Yuriya tana sanyaya ruwa, kuma sauti ba ya yafe wannan

Abin da ya sa na koma amfani da sauti wajen auna ruwan taki shi ne yuriya. Na'urar da muka saba tsomawa a ruwa don gane yawan gishiri tafiyar lantarki take aunawa, ita kuwa yuriya idan ta narke ba ta ɗaukar lantarki. Sai na'urar ta nuna maka ruwa lafiya lau, alhali ya yi kaurin da zai hana saiwa shan ruwa. A ma'aunin gishirin taki, wanda ke nuna yadda taki ke ƙara wa ruwan ƙasa kauri, yuriya tana da 75, takin fotash mai kuloraid 116. A ƙasar da gishirinta ya kai 4 dS/m a awon na'urar lantarkin, wato iyakar da ake fara kiran ƙasa mai gishiri, wannan ƙarin ba abin wasa ba ne.

Sautin da kunne ba ya ji, mai megahaz 2 (girgiza miliyan biyu a daƙiƙa), yana ganin yuriyar. A ruwa zalla mai zafin digiri 25 yana gudun kusan mita 1,497 a daƙiƙa, kuma gudun yana ƙaruwa idan ka narka taki. Ka haɗa shi da nauyin ruwan, ka san yadda ruwan ke matsuwa. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba.

Zafi ne ya ci mini aiki. Ina zuba ruwan yuriya a kwalbar na'urar, na rubuta lamba, na sake dubawa, lambar ta hau ita kaɗai. Na zargi na'urar, na zargi kumfa, na sake wanke komai. Ashe yuriya zafin ruwan take zuƙewa yayin da take narkewa: giram 60 a lita ɗaya yana sauke shi da fiye da digiri 3. Kowane digiri ɗaya kuma yana canza gudun sauti da kusan mita 3 a daƙiƙa. Abin da ya fi ba ni haushi da na yi lissafi, wannan mita 3 ɗin daidai yake da abin da giram biyu da rabi na gishiri a lita zai jawo, wato kusan iyakar da ake cewa ƙasa ta yi gishiri. Digiri ɗaya tak! Duk awon da na tara na yuriya sai zubarwa, har da samfurin ruwan ƙasa da na sha wuya kafin na tace.

Yanzu ba na karanta komai sai ruwan ya zauna a bahon daidaita zafi, ma'aunin zafi a cikin samfurin kansa, ba a jikin bahon ba. Nakan fara da ruwa zalla. Idan bai ba ni abin da ya kusanci 1,497 ba, ba na ci gaba. Kumfa ma a kula da ita, amma ita aƙalla ana ganinta da ido.

Kada kuma wani ya ajiye na'urar lantarkin saboda ya samu ta sauti. Sauti jimillar abin da ya narke yake nunawa, ita kuwa na'urar lantarkin gishiri take gani. Dukansu biyu ba sa bambance sodiyam da kalsiyam, kuma wannan bambancin ne ke nuna ko ƙasa tana buƙatar jifsam (gari mai kalsiyam da ake zuba wa ƙasa) ko wankewa da ruwa kawai. Ni tare nake amfani da su, kuma tazarar da ke tsakanin awonsu ita ke nuna mini yuriyar da ke cikin ruwan.