Faci ɗaya, gyara ɗaya

Da na fara tura faci, wato gyaran kod da ake miƙawa a duba, zuwa ƙwayar Linux (kernel, zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta), rubuta kod ɗin bai ci mini lokaci ba kamar shirya shi yadda mai dubawa zai karanta cikin sauƙi.

Tsarin rubutu shi ne mai sauƙi. Wajen tazarar farkon layi, Linux na son tab mai faɗin harafi 8, layi kuma kada ya wuce harafi 80 sai da dalili. Yaren kod na Python kuwa, a ƙa'idar rubutunsa ta PEP 8, sarari 4 ne da harafi 79. Ba na jayayya a kan wannan, gidan da ka shiga tsarinsa za ka bi. Nakan bi facin da checkpatch.pl, manhajar da ke duba tsarin rubutu, sannan wata manhajar, get_maintainer.pl, ta nuna mini wanda ke kula da sashen.

Inda na daɗe shi ne wajen rarraba aikin. Ina da gyaran wata matsala a wata direba (kod ɗin da ke sarrafa wata na'ura), ga kuma sunaye marasa ma'ana da na sauya a fayil ɗin. A wurina aiki ɗaya ne, amma sai na raba su biyu, na tabbatar kowane faci yana haɗuwa ya yi aiki shi kaɗai. Dalilin ya ratsa ni sosai. Wata rana wani abu zai lalace, wani da bai san ni ba zai ɗauki git bisect, kayan aikin gano inda matsala ta shigo, yana tsaga tarihin sauye-sauyen kod gida biyu har ya kai ga facin da ya jawo ɓarnar. In ya tarar da gyara cakuɗe da kwalliya, ina zai kama? In ya janye facin, ya janye har da mai amfanin.

Shi ya sa nake ba bayanin faci lokaci. Kod ya riga ya nuna abin da aka sauya, ni kuma sai in faɗi matsalar, yadda take bayyana, da abin da ya sa na zaɓi wannan hanya. A ƙasa in sa layin Signed-off-by, wanda aka shigo da shi a 2004, shaidar cewa ina da haƙƙin miƙa aikin.

In an nemi gyara, nakan amsa kowace magana, in tura v2, wato zubi na biyu na facin, in rubuta abin da ya sauya a ƙarƙashin layin "---" don kada ya shiga tarihi. In an yi shiru, sai na bari mako ya wuce kafin in tuna musu, musamman a makonni biyun da ake haɗa sabbin ayyuka, lokacin da hannun masu kula ke cike.