Yaro mai baiwar kiɗa: ƙirga awanni kafin ka biya kuɗin makarantar kwana

Kusan duk makarantar kwana mai tsada za ta ce maka tana da sashen kiɗa. Za a kai ka wani ɗaki a yaye ƙyallen da aka lulluɓe fiyano da shi, a nuna maka hotunan yara a bikin yaye ɗalibai. Kada wannan ya ruɗe ka. Nemi jadawalin yini guda, daga ƙararrawar asuba har kashe fitila, ka duba inda yaron zai samu ya kaɗaita da kayan kiɗansa. Ɗan shekara 14 da ya yi nisa a fiyano ko gogen Turawa yana buƙatar awa biyu zuwa uku na bita kullum. In ka cire aji da wasanni da salla da cin abinci da karatun dare ba ka samu ko awa ɗaya ba, kafin zango biyu hannunsa zai yi sanyi.

Sai lissafin ɗakunan bita, wanda iyaye ba su cika yi ba. A ce yara 60 ne ke koyon kiɗa, ɗakuna huɗu, ana buɗe su awa uku a yini. Awa 12 ke nan a raba wa mutum 60, kowa ya tashi da minti 12. Manyan aji kuma su ke kame ɗakunan, ƙaramin ya koma hostel. Tambayi wa ke riƙe mukulli, ana rubuta suna ko ƙarfi ne ke aiki, yaushe aka yi wa fiyanon saitin murya na ƙarshe. Sau biyu a shekara shi ne daidai. Fiyanon da muryarsa ta kauce yana ɓata kunnen yaro.

Malami ma a bincika. Wanda ke koyar da kiɗa a allo don jarrabawar WAEC daban, gwanin kayan kiɗan da yaronka ke riƙe daban. Ana son darasi na mutum ɗaya da malami, awa guda duk mako. Riƙon kayan kiɗa ba daidai ba in ya zauna a hannu yana kawo ciwon wuyan hannu da kafaɗa, kuma warware shi ya fi koyon farko wuya. Idan mawaƙi ne namiji, muryarsa za ta fashe wajen shekara 12 zuwa 15, kuma malamin da bai sani ba zai ci gaba da tilasta masa hawa sama har ya ji wa maƙogwaronsa. Tambayi kuma ko suna kai yara jarrabawar kiɗa mai matakai takwas ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, ko ta MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Onikan a Legas. A ABRSM ba a zama mataki na 6 sai an ci na 5 a ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa, kuma nan yara da yawa ke maƙalewa.

Mai hali da ke hangen waje, a Ingila akwai makarantun kwana na kiɗa irin su Chetham's a Manchesta, da Purcell, da makarantar Yehudi Menuhin da aka kafa a 1963, a Amurka kuma Interlochen a jihar Michigan. A waɗannan makarantu gwajin kiɗa ne ke shigar da yaro: yawanci kiɗa biyu masu bambancin salo, karanta rubutun kiɗan da bai taɓa gani ba, da gwajin kunne. Tallafin gwamnatin Birtaniya na irin waɗannan makarantu na mazauna ƙasar ne, don haka a nemi na makarantar kanta tun da wuri. Za a kuma nemi waliyyi a can wanda zai karɓi yaron a hutun tsakiyar zango. A tattauna abincin halal da wurin salla a rubuce, da yadda mai busa sarewa zai sassauta bita a watan azumi.

Wanda zai tsaya gida Arewa kuwa, hunturu ne abokin gaba. Katakon goge yana son laimar iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, busasshiyar iskar Disamba kuwa tana tsaga shi, ta sassauta maɗauran tsirkiya. A ajiye shi cikin akwatinsa a rufe, da ɗan soso mai damshi cikin robar da aka huhhuda, nesa da taga. A haɗa yaron da tsirkiyoyi na ajiya saiti guda, don ba a samun su a kantin makaranta.